Tsakanin Hali da Yanayi: Yadda Muke Fassara Ayyukan Mutane da Karkatar da ke Shiga Hukuncinmu

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ɗan'adam ke nemo dalilin abin da ɗan'uwansa ya aikata, da kura-kuran da masana halayyar zamantakewa suka gano suna maimaituwa a cikin wannan hukunci. Ta bi sawun nazarin tun daga aikin Fritz Heider na 1944, ta kawo gwaje-gwajen da suka nuna cewa mai kallo yakan fifita halin mutum a kan yanayin da mutumin yake ciki, sannan ta duba yadda son kai da ƙungiyanci da al'ada ke ƙara wa wannan karkata ƙarfi ko su rage ta. An auna bayanin da rikicin rigakafin shan-inna na 2003 zuwa 2004 a Kano. Matsayar takardar ita ce, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta gyara wannan kuskure. Abin da ke gyara shi lokaci ne, da tsarin aiki da ke tilasta wa mai hukunci ya yi tambaya kafin ya yanke.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibi ya iso aji bayan an yi nisa da darasi, malami ya ce malalaci ne. Mara lafiya ta daina zuwa karɓar magani, ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta damu da ranta ba. Wanda ake bi bashi ya daina ɗaga waya, mai kuɗi ya ce dama macuci ne. A duk waɗannan, bayanin yakan iso zuciya tun ba a buɗe baki an tambayi mai laifin ba.

Hanyoyin bayani biyu ne. Ko dai a jingina aikin ga abin da ke cikin mutum, wato halinsa da niyyarsa da basirarsa, ko a jingina shi ga abin da ke kewaye da shi, kamar talauci, umarnin na gaba, ƙurewar lokaci ko rashin lafiya. Zaɓin da aka yi tsakanin biyun shi ne ke yanke abin da zai biyo baya. Bernard Weiner da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1980 cewa idan mutane suka ɗauka wanda masifa ta samu shi ne ya jawo wa kansa, sukan ji haushinsa su janye hannu, idan kuwa suka ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, sukan tausaya su taimaka. Ke nan bulala da tallafi duk suna rataye a kan amsar tambaya ɗaya: me ya sa ya yi haka?

2.0 Asalin nazarin

A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel suka nuna wa ɗalibai a Amurka wani gajeren fim. Babu mutum ko dabba a cikinsa, sai siffofi uku masu motsi: babba da ƙarami masu kusurwa uku, da da'ira ɗaya, suna shiga suna fita daga wani akwati. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukkansu sai suka ba da labarin masu rai: babban azzalumi ne, ƙaramin yana kare da'irar, ita kuma tana tsoro. Wannan ya nuna irin saurin da zuciya ke yi wajen ɗora niyya da hali a kan kowane motsi. A littafinsa na 1958 Heider ya shimfiɗa ra'ayin cewa kowane mutum ɗan ƙaramin mai bincike ne da ke neman dalilai tabbatattu a bayan abubuwan da ke faruwa, domin ya iya kirdadon gobe.

Harold Kelley ya zo a 1967 da tambayoyi uku da mai hankali zai yi kafin ya jingina dalili. Ta farko: shin wasu ma haka suke yi a wannan wuri? Ta biyu: shin mutumin nan haka yake yi a sauran wurare? Ta uku: shin kullum haka yake yi, ko yau ne kawai? Idan rabin ajin ne ke makara, kuma ɗalibin nan ba ya makara a darasin rana, to a duba motar haya da nisan unguwa. Idan shi kaɗai ne, kuma ko'ina haka yake, an sami hujjar duba halinsa. Tsarin Kelley ya zama ma'auni. Abin da binciken da ya biyo baya ya gano shi ne, mutane ba kasafai suke tsayawa su bi shi ba, kuma tambayar farko ce suka fi tsallakewa.

3.0 Fifita hali a kan yanayi

A 1967 Edward Jones da Victor Harris suka ba ɗaliban Jami'ar Duke rubuce-rubuce su karanta, wasu na goyon bayan shugaban Kuba Fidel Castro, wasu na sukarsa. An gaya wa wani rukuni cewa marubucin shi ya zaɓi ɓangarensa, an gaya wa ɗaya rukunin cewa ɗora masa aka yi. Hankali zai ce rubutun da aka tilasta ba ya nuna ra'ayin mai shi. Duk da haka ɗaliban suka yanke cewa wanda ya yabi Castro yana da ɗan son sa a zuciya, alhali sun san umarni ya bi.

Shekara goma bayan haka Lee Ross na Jami'ar Stanford ya raɗa wa wannan ɗabi'a sunan da ake iya fassarawa da babban kuskuren jingina dalili. A wannan shekara ta 1977, shi da Teresa Amabile da Julia Steinmetz suka shirya wasan kacici-kacici. Ƙuri'a ce ta raba aiki: wani ya zama mai tambaya, wani mai amsa. Aka ce wa mai tambaya ya tsara tambayoyi goma masu wuya daga abin da shi ya sani. Ba mamaki mai amsa ya kasa amsa mafi yawansu. Amma 'yan kallo, waɗanda aka yi ƙuri'ar a gabansu, suka ce mai tambaya ya fi ilimi nesa ba kusa ba, kuma masu amsar kansu suka yarda da haka. Darasin ya shafi kowane wurin da matsayi ke ba wani damar zaɓar fagen da za a gwada mutane: ɗakin jarrabawar baka, zaman ɗaukar ma'aikata, gaban alƙali. Kujerar ce ke ba da fifikon, mu kuma mukan ɗauka na mai zama ne.

Ƙarfin yanayi ya fito sarai a gwajin John Darley da Daniel Batson na 1973 a makarantar horar da limaman Kirista ta Princeton. An tura ɗalibai su je wani gini su yi jawabi, wasunsu ma a kan labarin Basamariyen kirki da ya taimaki wanda aka yasar a hanya. A kan hanyar an ajiye mutum a durƙushe yana tari yana nishi. Daga cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 suka taimaka. Daga cikin waɗanda aka ce sun riga sun makara, kashi 10 ne kacal. Irin riƙon addinin da aka auna a gare su tun farko bai nuna wanda zai tsaya da wanda zai wuce ba. Mai kallon da ya ga ɗalibi ya tsallake mai nishi zai ce ba shi da imani, don ba ya ganin agogon da ke kaɗa shi.

4.0 Me ke haddasa karkatar?

Dalili na farko ido ne. Mutum yana motsi yana magana, yanayi kuwa ba shi da fuska. Shelley Taylor da Susan Fiske sun nuna a 1975 cewa idan mutum biyu na hira, 'yan kallo sukan ɗauki wanda suke fuskanta a matsayin mai jan ragamar hirar. Daniel Lassiter ya kai wannan bincike ofishin 'yan sanda: idan kyamara ta fuskanci wanda ake tuhuma shi kaɗai, masu kallo sun fi yarda cewa da son ransa ya amsa laifi, fiye da idan ta nuna shi tare da mai yi masa tambaya. Magana ɗaya ce, mazaunin kyamara ne ya bambanta.

Dalili na biyu shi ne cunkoson tunani, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani ga masu aiki da jama'a. Daniel Gilbert da Brett Pelham da Douglas Krull sun bayyana a 1988 cewa hukunci mataki-mataki yake zuwa. Da farko mukan gane aikin, sai mu jingina shi ga hali ba tare da wani ƙoƙari ba, daga nan ne, idan da sarari, mu gyara bisa la'akari da yanayi. Matakin ƙarshen nan shi ke cin ƙarfi. Sun nuna wa mutane bidiyo mara sauti na wata mata da ke ta alamun fargaba. An sanar da wasu cewa ana yi mata tambayoyi ne masu ban kunya, wasu kuma an ce hirar hutu ce da abubuwan sha'awa. Waɗanda hankalinsu ke sake sun yi mata uzuri a inda tambayoyin suka yi nauyi. Waɗanda aka ɗora wa aikin haddace batutuwan hirar a lokaci guda ba su yi ba, sun ce dama mai fargaba ce, ko da yake batutuwan da ya kamata su zama uzurinta su ne suke haddacewa. Sanin yanayi daban, samun sararin amfani da sanin daban. Malamin da ke gaban aji cike maƙil, da likitan da layi ke jiransa har waje, da alƙalin da ƙararraki suka yi wa yawa, dukkansu suna aiki ne a cikin yanayin da ya fi haifar da wannan kuskure.

5.0 Son kai, ƙungiyanci da zargin wanda aka cuta

Jones da Richard Nisbett sun yi hasashe a 1971 cewa mutum yakan bayyana aikinsa da yanayi, na wani kuma da hali. An daɗe ana koyar da wannan a matsayin tabbatacciyar doka, har sai da Bertram Malle ya tattara sakamakon bincike 173 a 2006, ya tarar bambancin bai taka kara ya karya ba idan aka haɗa su gaba ɗaya. Inda ya fito fili shi ne wajen aikin assha. Wajen abin yabo kuwa sai ya juya: nasarata ƙoƙarina ne, tasa sa'a ce. Ke nan kare mutuncin kai ne ke tuƙa lamarin, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Haka abin yake tsakanin ƙungiyoyi. A 1974 Donald Taylor da Vaishna Jaggi suka ba ma'aikatan ofis mabiya addinin Hindu a kudancin Indiya gajerun labarai na wani da ya yi kirki ko ya yi tsiya. Idan ɗan addininsu ne ya yi kirki, sai su ce halinsa ne, idan ya yi tsiya, su ce yanayi ne. Idan Musulmi ne, kirkinsa ba ya samun irin wannan shaida. Thomas Pettigrew ya faɗaɗa wannan a 1979, ya nuna yadda ake kawar da alherin bare da cewa dace ne, ko shi daban yake da danginsa, ko akwai abin da yake nema. Ta haka mummunan zato ke tsira daga duk hujjar da ta zo rushe shi. Amma da Miles Hewstone da Colleen Ward suka maimaita gwajin a 1985, sai suka ga 'yan ƙabilar Malay a Malesiya sun fifita nasu, Sinawan ƙasar kuwa ba su yi haka ba, kuma a Singafo karkatar ta yi sauƙi. Wannan ya nuna ita kanta karkatar tana bin yanayin siyasa da matsayin ƙungiyoyi, tana hawa tana sauka.

Akwai kuma abin da Melvin Lerner ya fara nazari a shekarun 1960. Shi da Carolyn Simmons sun nuna a 1966 cewa masu kallon wata mata da suke zaton ana gana mata azaba da lantarki sun fi rage mata daraja a lokacin da ba su da ikon ceton ta. Zuciya ba ta son yarda cewa masifa na iya faɗa wa wanda bai yi komai ba, domin hakan na nufin tana iya faɗa wa kowa, don haka sai ta nemo wa wanda aka cuta laifi. Wannan ɗabi'a daban take da imani da adalcin Allah. Musulunci da Kiristanci duka sun koyar da cewa jarrabawa na samun salihai, kuma ƙissar Annabi Ayuba shaida ce a wurin kowannensu.

6.0 Rawar al'ada

Joan Miller ta kwatanta mutanen Chicago da mabiya Hindu na Mysore a 1984. Yara 'yan shekara 8 a wuraren biyu kusan iri ɗaya suke bayani. Da girma ya zo sai hanya ta rabu: manyan Amurkawa suka fi ambaton hali, manyan Indiyawa suka fi ambaton matsayi da nauyin da ke kan mutum. Michael Morris da Kaiping Peng sun duba a 1994 yadda jaridu biyu suka ba da rahoton kashe-kashe biyu da aka yi a Amurka a watan Nuwamban 1991, ɗaya na ɗalibi Basine a Jami'ar Iowa, ɗaya na korarren ma'aikacin gidan waya a Michigan. New York Times ta fi karkata ga zafin ran masu kisan, World Journal mai fita da Sinanci ta fi kawo dangantaka da matsin da suka shiga. Sai dai Incheol Choi da Nisbett sun gano a 1998 cewa ɗaliban Koriya ma suna faɗa wa kuskuren Jones da Harris, illa dai sun fi saurin gyarawa idan aka fito musu da tilascin a sarari.

A nan akwai giɓi. Alƙaluman da Jeffrey Arnett ya tattara a 2008 sun nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi gwaji da su a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 na al'ummar duniya. Bai dace a ɗauko sakamakon Chicago ko na Mysore a ɗora wa Bahaushe ba. Al'adarmu na da ra'ayi mai ƙarfi a kan hali, kamar yadda Anthony Kirk-Greene ya nuna a nazarinsa Mutumin Kirkii na 1974. Muna cewa hali zanen dutse, muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma kuma mu ne ke cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma tarbiyyar addini, irin wadda ke cikin Suratul Hujurat, na gargaɗi a kan yawan zato. Kayan aikin biyu duk suna hannunmu. Tambayar da ke jiran bincike ita ce wa muke ɗauko wa na farko, wa muke ɗauko wa na biyu.

7.0 Misali daga Kano: rigakafin shan-inna

A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna, bayan jita-jitar cewa an gauraya shi da maganin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Kano ta kai kusan shekara guda, sai a watan Yulin 2004 aka koma, bayan gwaje-gwaje da shigo da maganin da aka sarrafa a Indonesiya. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma yara ne suka biya: cutar ta ƙaru a gida, ta kuma bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya.

Ɓangarorin biyu duk sun jingina aiki ga hali. Iyaye da yawa sun karanta mugun nufi a fuskar mai ɗigo, wadda sau da yawa 'yar unguwa ce da ke neman ɗan alawus. Masu kallo daga nesa kuma suka ce jahilci ne da tsattsauran ra'ayi. Masu binciken da suka zauna da mutane, irin su Maryam Yahya a 2007 da Elisha Renne a 2010, sun fito da abin da bayanin jahilci ya rufe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye da gwamnati suka ce ba a nemi izini yadda ya kamata ba, kuma a 2009 aka sasanta da jihar a kan dala miliyan 75. Akwai kuma manufar ƙayyade iyali ta 1988 da ta ambaci 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ga yaƙin Iraƙi da ya ɓarke a 2003. Sama da duka, uba yana ganin ana bin sa har gida da ɗigo kyauta a kan cutar da bai cika gani ba, alhali idan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗansa sai ya biya kuɗi a asibiti.

Fahimtar waɗannan dalilai ba ta mayar da ƙin rigakafi daidai ba, amma ita ce ta nuna inda za a sa hannu. Wanda ya yi imani matsalar jahilci ce, abin da zai ƙara shi ne tallar rediyo da barazana. Da aka gane matsalar amana ce, sai aka jawo sarakuna da malamai da hakimai da masu unguwanni cikin aikin, aka shigo da waɗanda cutar ta naƙasa suna yi wa iyaye bayani, aka kuma buɗe sansanonin da ke ba da magungunan wasu cututtuka tare da ɗigon. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Nijeriya a 2016 a Borno, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

8.0 Kammalawa da shawarwari

Ba manufar wannan takarda ba ce a ce hali ba ya nan, ko a sauke wa mai laifi alhakinsa. Akwai malalaci, akwai macuci. Abin da bincike ya tabbatar shi ne muna isa ga wannan hukunci da wuri, da ƙaramar shaida, musamman idan muna cikin gaggawa, ko aikin na assha ne, ko mai aikin ba namu ba ne. Kuma illar tana girma gwargwadon ikon mai hukunci: zaton maƙwabci ɓacin rai yake jawowa, na malami ko alƙali yakan sauya rayuwa.

Saboda haka nake ba da shawarwari uku. Na farko, makarantu da asibitoci da ma'aikatu su shigar da tambayoyin Kelley cikin takardun ladabtarwa, ta yadda ba za a rubuta wa mutum laifin hali ba sai an amsa ko wasu ma haka suke yi, kuma an ji ta bakinsa. Gwajin Jason Okonofua da abokan aikinsa na 2016 a makarantun Kalifoniya ya nuna cewa ɗan gajeren horo da ya ja hankalin malamai ga sauraron dalilan ɗalibai ya rage dakatar da yara daga kashi 9.6 zuwa 4.8 cikin 100. Na biyu, masu tsara aiki su ɗauki cunkoso a matsayin matsalar adalci, domin ma'aikacin da ba shi da minti biyar na tambaya zai cike gurbin da zato. Na uku, sassan nazarin halayyar ɗan'adam da na harsunan Nijeriya da Nijar su haɗa hannu su maimaita gwaje-gwajen Miller da na Taylor da Jaggi cikin harshen Hausa, a birni da ƙauye, tsakanin maza da mata, manoma da makiyaya, domin mu san da hujja yadda muke yi wa juna hukunci da kuma wanda muke hana wa uzuri.